Tafiyar Gembu a Tsakiyar Hunturu

Ƙanina ya je hidimar ƙasa a jihar Taraba, aka tura shi koyarwa Gembu, can saman tsaunin Mambila, ya dawo mana da takardar kammalawa da kuma maganar aure. Iyayen yarinya suka sa rana a ƙarshen Disamban 2023, daidai lokacin da hunturu ya kankama a Kano. Da aka zauna shawara a zauren Baffa sai magana ta rabu biyu. Masu cewa a bi motar haya suna da hujja: tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun shekarar kowa ya san abin da cika tanki ke yi wa aljihu, ga shi tafiyar ta haura kilomita 1,000 a zuwa kawai. Masu cewa a tafi da motar gida su ma ba su rasa ta cewa ba, don akwai akwatunan lefe da aka haɗo daga Kantin Kwari, akwai goro da alawa, ga Baffa da ciwon gwiwa, ba zai iya zaman cunkoson kujerar haya ba. Motar gidan kuwa tawa ce, ƙaramar bas mai kujera bakwai, 'yar Kwatano, wadda ta gama cin zamaninta a Turai kafin ta zo ta fara na biyu a hannuna. Aka yanke cewa ni zan ja, da Baffa a gefena, Kawu da Gwaggo a tsakiya, ango da abokinsa can baya tare da kaya.

Shirin mota ya fi shirin lefe cin rai. Bakanikena garejinsa na nan bayan Ƙofar Ruwa, mutum ne marar yawan magana, kuma ya daɗe shi kaɗai ke taɓa injin nan. Da na gaya masa inda za mu, sai ya ajiye sifanar da ke hannunsa ya ce, "Alhaji, Mambila fa ka ce?" Na ce ita. Ya ce to a bar masa motar ta kwana. Ya juye baƙin mai, ya sauya filogi da matatar iska, ya sa aka wanke lagireto. Birki ya fi daɗewa a kai, ya kwance gaba da baya, ya zubar da tsohon man birkin kaf ya ɗura sabo, yana cewa shi hawa ba ya ba shi tsoro, gangara ce abin ji. Ya aiki yaronsa cikin kasuwa ya sayo fanbel na ajiya da galan ɗin baƙin mai da igiyar ja. Da zan tafi ya miƙo mini wani ƙunshi, ashe tsohuwar robar cikin taya ce aka yanka siri-siri, da ɗan nannaɗaɗɗen waya. Na tambaye shi ta mece ce. Ya ce in dai jefa ta a ƙarƙashin kujera.

Hita ce kaɗai ba ta shigo cikin lissafin kowa ba. Motoci da yawa a Kano an toshe musu tiyon da ke kai ruwan zafi cikin ɗaki, an kuma cire tamostat, don kanikawanmu suna ganin a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu waɗannan ba abin da suke tsinanawa sai jawo wa inji zafi. Tawa ma haka take tun ranar da ta shigo gari. Ango dai ya nace sai da muka je Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo muka ɗebo rigunan sanyi masu kauri da safar hannu. Kawu ya ƙi karɓar tasa. Wai shi da ya yi alwala da ruwan randa a muku-mukun Kano shekara sittin, wane sanyi ne za a nuna masa.

Bayan sallar Asuba muka ɗau hanya. Tun cikin dare iska ta juya, gari ya waye da irin hazon nan da kan hana jirage sauka a filin Malam Aminu Kano. Ƙurar ba ta nan kusa ba ce. Mafi yawanta daga Bodele take tasowa, wani ƙaton kwari a arewacin Chadi inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar gari mai laushi, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta zube mana. Da muka hau gadar Hotoro ban iya hango ƙarshenta ba. A Mariri muka tsaya ɗaukar huhun goron da Kawu ya riga ya yi cinikinsa, 'yan dako sun rufe fuska da rawani sai ido, kowa ya takure kusa da wutar mai shayi. Rana ta fito fara fat kamar faifai, kana kallonta ido da ido ba ta ce maka komai.

Tuƙi a hazo yana son haƙuri fiye da gwaninta. Babbar fitila ba ta da amfani, hasken dawo maka yake yi a ido, ƙarama ake kunnawa. Waifa kuma ba a taɓa ta sai da ruwa, in ba haka ba busasshiyar ƙurar nan ta kankare gilashin ta bar maka zane har abada. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne abin da ba ya motsi. Mun haye gadar Wudil, kafin Kwanar Huguma, na ga rassan ganye jere a kan kwalta, na taka birki tun ban ga dalili ba. Sai da muka matsa sosai sannan bayan wata tirela ya bayyana, ta mutu a tsakiyar hannunmu, ba fitila ba komai, yaron motar na zaune a gefe yana jin ɗumi. Ganyen nan da muke rainawa shi ya tsare mu. Baffa ya ci gaba da jan carbinsa, ya ce, "Ɗana, rage. Sauri ya haifi nawa."

Mun wuce Birnin Kudu, duwatsun Ningi sun fara leƙowa ta cikin ƙura, Baffa na ba mu labarin Malam Hamza na Tsakuwa da ya bar ƙasar Kano ya shige waɗannan duwatsu, da yadda Ningawa suka daɗe suna hana kudancin Kano barci, sai na ji ƙaurin roba. Na duba, allurar zafi ta kai ja. Kafin in gama sauka gefen titi tururi ya turnuƙe bonet, Gwaggo ta saki salati. Abokin ango ya yi wuf zai kwance murfin lagireto, Kawu ya buge masa hannu. "Kai, ɗaurin aure za mu ko asibiti?" Muka zauna a kan duwatsu muna jiran inji ya huce, iska na watsa mana yashi a baki.

Tiyon sama ne ya tsage, tsawon ɗan yatsa, dab da inda aka ɗaure shi. Na kira Kano. Bakanike bai ko yi mamaki ba, ya ce in ɗauko ƙunshin da ya ba ni. A goge wurin ya bushe, a ja robar sosai ana naɗawa, kowane zagaye ya hau rabin na baya, a wuce tsagar ta kowane gefe, sannan a murɗe da waya. A zuba ruwa a hankali inji na aiki. Murfin kuma kada a ɗaure shi tamau, a bar shi sako-sako, don in ruwa ya matsu a ciki zai sake fasa wurin. Da wannan ɗaurin muka lallaɓa, ana tsayawa ana ƙara ruwa, har cikin Ningi. Can ba a sami irin tiyon ba, sai na wata mota dabam wani bakanike ya yanka ya daidaita, kuma ga shi har yau shi ne a jiki. Amma wunin ya riga ya tafi. Muka haɗa Azahar da La'asar ƙasaru a wani masallacin bakin hanya, muka shiga Bauchi da duhu, muka kwana gidan wani ɗan uwan Gwaggo.

Bauchi zuwa Gombe ta Alkaleri ba abin da ya faru, har aka fara raha, Gwaggo ta buɗe dambun naman da ta ɓoye. Bayan Kaltungo, wajen hawan Cham, na faɗa wani rami da hazo ya ɓoye mini, tayar gaba ta fashe, bakin rim ɗin ya lotse. Aka sa safaya, mai faci na gaba ya daddake rim ɗin da guduma ya miƙe. Wannan ba a ma lissafa shi. Mai kuma ya yi ƙasa a inda gidajen man da muka tarar duk a rufe suke, dole muka sayi galan-galan a hannun 'yan bumburutu, muka tace da hankicin Kawu.

Ba mu yi nisa da nan ba motar ta mutu. Ba gargada, ba tari, ina cikin tafiya kawai inji ya ɗauke, sitiyari ya yi nauyi. Na yi ki, tana juyawa lafiya amma ba ta kamawa. Kowa ya ce man nan ne. Muna tsaye muna zagin mai da masu sayar da shi, bayan kamar rabin sa'a na sake gwadawa, ta tashi tamkar ba ita ba. Muka wuce gonakin raken Savannah, hayaƙin ƙonar daji ya haɗu da ƙura har ido na yaji, muka haye gadar Numan, inda kogin Gongola ke zuba cikin Binuwai, ruwan ma ba mu gan shi sosai ba. Kan hanyar Jalingo ta sake ɗaukewa. Daga nan abin ya zama ƙa'ida: ta yi tafiya ta ɗau zafi ta mutu, a jira ta huce ta tashi, kuma kowane karo tafiyar na ƙara gajarta. Hanyar Numan zuwa Jalingo kuwa duk direban da ya san ta ba ya son magariba ta same shi a kai, ga ramuka ga daji. Magaribar ta same mu. Baffa ya ce ba mai ƙara taku ɗaya, muka tura motar gaban wani shingen jami'an tsaro kusa da wani ƙauye, muka yi sallama, suka ce mu kwana nan kusa da su. Gwaggo ta kwanta a kujerar tsakiya, mu maza muka zagaye wutar wani mai shayi har ya tashi, ya bar mana gawayin da bencinsa.

A Jalingo aka taru a kan motar. Na farko ya ce famfon mai ne, aka sauke tanki, aka wanke, aka sa wani famfon. Ta tashi, aka yi murna, aka biya, muka zaga gari don gwaji, ta mutu a bakin wata kasuwa. Na biyu ya ce wuta ce, ya kira mai wayarin, suka bi fiyus ɗaya bayan ɗaya. Ba na ganin laifinsu sosai. Mota ce da ba a cika ganin irinta a can ba, kuma cutar da ke ɓuya da zarar inji ya huce tana da wuyar kamu, don duk abin da ka taɓa sai ka ga kamar shi ne maganin.

Da na gaji na koma gefe na sake kiran Kano, na kwashe labari tun daga Cham. Ya yi shiru yana ji. Sai ya ce, "Alhaji, bari ta mutu tukuna. In ta mutu ka yi ki, ka zuba wa allurar da ke nuna juyin inji ido. Ka gaya mini ko tana ɗan motsi." Na yi. Allura na kwance, ko gezau. Ya ce in leƙa ƙasa ta wajen da inji ya haɗu da giya, zan ga wani ɗan baƙin abu da waya a jikinsa, in kwara masa ruwan sanyi in sake gwadawa. Na kwara masa ledar ruwa biyu. Ki ɗaya ta tashi. Kanikawan da ke tsaye suka kalli juna.

Sensa ce, wadda ke gaya wa kwamfutar mota inda juyin inji yake don ta san lokacin sakin wuta da mai. In ta tsufa, zafi na taɓa ta sai ta daina magana, kwamfuta kuma ta ɗauka inji a tsaye yake ta rufe komai. Girmanta bai wuce babban yatsa ba. Aka zaga shagunan kayan gyara na Jalingo, babu. Wani ya ce sai Yola, wani ya ce sai Onica. Bakanikena ya ce kada in wahalar da kaina, in kwance ta in ɗauki hoton lambar da ke jikinta in turo masa ta WhatsApp.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi tsaya mini a rai a duk tafiyar. Ya rufe aikin da ke gabansa ya shiga Ƙofar Ruwa da ƙafa, layin masu kayan Baljiyam, inda ake tara injinan da aka kwance daga motocin Turai. Sabuwa ta kwali akwai, mai araha, ya ce ba zai saya mini ita ba, gara tsohuwa ta asali da aka cire daga jikin inji. Ya samo mai lamba iri ɗaya, ya auna ta da mita a gaban mai shagon, ya turo mini hoto. Na tura kuɗi ta waya. Ya naɗe ta a leda, ya sa a kwalin magani, ya liƙe da salatif, ya rubuta lambar wayata ɓaro-ɓaro a bayansa, ya hau babur zuwa tashar da ake lodin Gombe da Yola da Jalingo. Can ɗan kamasho ya haɗa shi da direban da zai tashi da asuba, aka biya kuɗin saƙo, ya turo mini lambar direban da lambar motarsa. Ba rasit, ba sa hannu, ba wanda ya san wani. Kwalin ya shiga aljihun gaban mota tare da takardun direba, shi ke nan. Mutum ya zauna ya yi tunanin yawan kayan da ke yawo a ƙasar nan kullum ta wannan hanya, magani da takardun makaranta da kayan gyara, a hannun mutanen da ko sunansu ba ka sani ba sai "direba", sai ya ga ashe amanar da muke cewa ta ƙare da sauranta a tasha.

Sai dai ranar ɗaurin aure ba ta jiran saƙo. Baffa ne wakilin ango, sadaki na aljihunsa. Aka yanke shawara a tsaye a bakin gareji: shi da Gwaggo da ango da abokinsa su ɗauki shatar mota su wuce da lefe da goro, ni da Kawu mu tsaya. Cunkoson da aka guje wa tun a Kano shi Baffa ya shiga, ya naɗe gwiwarsa bai ce uffan ba. Da za su tashi ya leƙo ta taga ya ce, "Ɗana, in ta gyaru ku taho a hankali. In ba ku riske mu ba, aure dai sai an ɗaura."

Shi ma direban saƙon hazon bai ƙyale shi ba. Na yi ta kiran sa, yana Darazo, yana Dukku, yana Gombe yana sauke fasinja, har ya ce, "Yallaɓai, don Allah ka bar ni in ga hanya, kayanka na nan ba inda za su." Cikin dare ya iso. Na same shi a tasha yana cin shinkafa, ya zaro kwalin ya miƙo mini da hagu, dama na cikin kwano. Ɗaura ta bai ɗauki minti goma ba, ƙusa ɗaya ce da soket. Muka bar injin na aiki a tsaye har fanka ta yi ta kamawa tana saki, bai ɗauke ba.

Daga Jalingo muka bi ta Garba Cede zuwa Bali, muka haye kogin Taraba, ƙasa ta fara sauya kama, itatuwa suka yi tsawo, ƙura ta ɗan lafa. A Serti, inda ofishin gandun dajin Gashaka Gumti yake, wanda ya fi kowane girma a Nijeriya, masu mota suka ce kada mu kuskura mu hau da yamma. Muka kwana. Da sassafe muka isa Mayo Selbe, gindin tsauni, inda kowa ke tsayawa ya duba ruwa da birki. Wani dattijon direba ya zagaya motarmu, ya ga lambar Kano, ya ce in sa giya ta biyu in manta da sauran, inda ta gaza in koma ta ɗaya tun kafin ta roƙa, kuma kowace kwana in danna oda.

Hazon da muka tarar a hawan ba irin namu ba ne. Namu busasshe ne, yana fasa leɓe da dunduniya. Wannan jiƙaƙƙe ne, gajimare ne sosai ya sauko ya kwanta a kan hanya. Nan hita ta tuna mana da kanta. Gilashin gaba ya yi gumi ta ciki, na murɗa maɓallin iska mai zafi, sai sanyi ya feso. Dole muka sauke tagogi duka don numfashinmu ya daina taruwa a gilas, Kawu na gogewa da hularsa ina tuƙi. Hanyar ta yi ta nannaɗewa, dutse a hannu ɗaya, a ɗaya hannun kuwa fari ne kawai, kuma gara da ban ga abin da ke ƙasa ba. Injin ya yi sanyin jiki, ka taka totur har ƙasa amma sai gurnani, don iska na raguwa in ana hawa, tsaunin kuwa ya kai wajen mita 1,600. A hawan da suke kira Biyu da Sisi muka cim ma wata babbar mota maƙare da buhuna, tana ja da ƙyar, yaron motar na biye da ita a ƙasa rungume da ƙaton weji, da ta tsaya ya cusa a bayan taya. Ba wurin wucewa. Muka bi ta a giya ta ɗaya, idona ɗaya a kan allurar zafi ɗaya a kan wejin yaron nan.

Can na waiga na ga Kawu ya jawo rigar gwanjon da ya ƙi karɓa a Kano, ya sa a kan babbar riga, ya ƙara da bargon da Gwaggo ta manta. Ban ce komai ba. Shi ma bai ce ba.

Da muka fita daga gajimaren sai ga sarari, tuddai bi da bi ba iyaka, ciyawa ta fara ja, shanu ko'ina, dogayen itatuwan turare a jere, sama shuɗiya tas, wadda rabon da mu gan ta tun kafin hunturu. Tsofaffin Landiroba na wuce mu da lodi har sama. A Nguroje waya ta kama, saƙonni suka shigo a jere, na farkonsu daga abokin ango: an ɗaura, alhamdu lillahi. Kawu ya shafa fatiha shi kaɗai a cikin mota. Muka wuce ta wajen gonakin shayin Kakara, muka shiga Gembu ana cikin rabon abinci. Baffa na zaune cikin dattawan gari ya miƙe ƙafa, har ya samu abokin hira, suna maganar yadda yankin ya zaɓi shiga Nijeriya a ƙuri'ar 1961 da yadda ƙaramar hukumar ta gaji sunan Sardauna. Ya ɗago ya dube mu, fuska duk toka, ya ce, "Kun iso? To ku wanke hannu."

Washegari da safe motar ta ƙi tashi, sanyi ya kwantar da batir. Yaran unguwa ba su ko tambaya ba, suka tura ta gangare na saki kuloci ta kama. Sai a lokacin na lura duk mai tsohuwar mota a garin hancinta na kallon gangara yake ajiye ta. Surukinmu yana tsaye a ƙofar gida yana kallon wannan turi. Da aka zo maganar tafiya da amarya, ya ja Baffa gefe, cikin ladabi da kunya, ya ce shi dai da za a yi masa alfarma, yarinyar da Gwaggo su sauka a motar wani direba da ya sani. Baffa ya ce ai wannan ba alfarma ba ce, gaskiya ce. Tawa aka ɗora mata katifa da tukwane da buhun fiya da kwalayen ganyen shayi na tsaraba.

Gangarar na yi ta yadda aka ce, giya ta ɗaya da ta biyu, inji na riƙe motar, birki sai dai a ɗan taɓa a saki. Duk da haka a tsakiya ƙauri ya tashi, muka tsaya a wani fili muka jira ya huce da kansa, don in ka watsa wa ƙarfen birki ruwa yana da zafi zai iya lanƙwashewa. Daga Mayo Selbe muka koma cikin ƙurarmu. Sauran hanyar ba ta da labari, sai sanyi da ramuka da tsadar mai, da tari da ya kama mu duka.

Mun baro Wudil da yamma, har an fara kiran gida ana cewa a ɗora ruwan wanka, muna isowa Mariri daidai 'yan goro na ji fat, fitilar batir ta kama, sitiyari ya ƙage. Fanbel ne. Na ajiya na nan a but, a ƙarƙashin katifa da tukwane da buhun fiya, kuma ba mai sauran ƙarfin sauke su. Amarya da Gwaggo tuni sun shige gari a motarsu. Kawu ya tare wa Baffa adaidaita sahu. Ni kuma na kira Ƙofar Ruwa.

"Alhaji, kuna ina yanzu? Bauchi?"

Na ce Mariri.

Ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba, ya ce in kashe ta in zauna, ga yaro nan zuwa a babur, kuma kada in sauke kayan, zai taho da wani fanbel ɗin.